Inda Ruwan Jego Ke Zuba

Yammacin da abin ya fara, babu wanda ya ji komai sai Gwaggo Kaltume, ita ma don kunnenta ne bai tsufa tare da sauran jikinta ba. Ƙarshen damina ne, gero ya yi tsayi har yana leƙo katangar gidan. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, hayaƙin itacen jego ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Kwana biyu ke nan da Zulaihatu ta sauka, ta sami 'ya mace, haihuwar fari.

Mijinta Kamaruddeen irin mutanen nan ne da shekara uku a Dawanau ta ishe su raina garin da aka binne cibiyarsu. Aiki yake a wani siton hatsi, amma in ya dawo ƙauyensu da ke bayan Ɗanbatta, tafiya yake yana ɗage ƙafa kamar ƙasar za ta ɓata masa takalmi. Komai a wurinsa ƙauyanci ne. Da iyayen Zulaihatu suka aiko daga wajen Shanono a ba su ita ta yi wankan gida, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari, ya ce sam. Ai ya gina banɗaki na zamani a jikin ɗakinsa, da tayil, da masai na tangaran, da bututun roba mai fitar da ruwa. Ranar da magini ya tambaye shi ina ruwan zai dinga zuba, da ƙafa ya nuna masa bayan katanga, gindin tsamiya, inda wani tsohon suri yake tun kafin a haifi ubansa.

Gwaggo Kaltume ƙanwar ubansa ce, kuma ta shekara arba'in tana yi wa masu jego wanka a garin. Ta gaya masa tun farko. Ruwan jego ba a sakinsa da zafinsa. Rami ake haƙawa ya taru ya huce, in za a zubar a yi bismilla, a nemi gafarar waɗanda ido ba ya gani. A wannan ɗakin naka kuwa, in ji ta, ga masai a ciki, ba dama a ambaci sunan Allah, ruwan kuma can yake fita inda ba mai ganinsa.

"Gwaggo, zamanin rami ya wuce," ya ce, idonsa a kan waya.

Al'ada ɗaya tak Kamaruddeen ya riƙe da hannu biyu: kunyar 'yar fari. Wannan ba ƙauyanci ba ce a wurinsa, tunda ta ɗauke masa nauyi. Bai taɓa ɗaukar jaririyar ba. Hotonta ya ɗauka daga bakin ƙofa ya tura wa abokai, sannan ya koma dakali yana karɓar barka kamar shi ya yi naƙudar.

To a yammacin nan, Gwaggo ta gama tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa wa Zulaihatu, ta karkata sauran da ke baho, bututu ya zuƙe shi yana tururi. Sai ta ji kuka. Siriri ne, na jinjiri, ya fito sau ɗaya kamar an tsunkule shi, ya yanke. Ba daga ɗaki ya fito ba, don jaririyarsu barci take. Daga bayan katanga ne, inda babu kowa sai gero. Gwaggo ta tsaya da bahon a hannu har aka kira magariba.

Kashegari da magariba aka fara jifa. Abu ya faɗo kan kwanon ɗakin, ƙwal, aka yi shiru mai tsawo, sannan wani ya biyo. Kamaruddeen ya fito yana zagin yaran maƙwabta. Ya tsinci abin jifan don ya nuna shaida, sai ya yar da sauri yana yarfe hannu. Curin ƙasar suri ne, a jiƙe, da zafi kamar yanzu aka tsamo shi daga tukunya. Ya ce rana ce ta gasa kwanon. Ranar kuwa hadari ne ya rufe tun hantsi.

A kwana na huɗu Zulaihatu ta daina ba da nono.

Yarinya ce mai sanyin hali, wadda ko tari ba ta yi da ƙarfi a gaban surukai. Amma da Gwaggo ta miƙa mata jaririya, sai ta dube ta sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta juya wa bango fuska. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ko gezau. Da yamma Gwaggo ta neme ta a ɗaki ta rasa. A banɗaki ta same ta, a tsugune a bakin ramin bututu, tana tatse nononta a ciki, tana wani ɗan gunguni irin na rarrashin yaro. Daga can bayan katanga kukan nan yana amsawa, yana raguwa, har ya yi shiru kamar yaron da ya ƙoshi.

Ita kuwa jaririyar gidan tun tana tsala kuka har muryarta ta dushe. Kamaruddeen ya hau babur ya tafi Ɗanbatta ya dawo da madarar gwangwani da bulumboti, ya ajiye a bakin ƙofa yana hura hanci, wai ga maganin surutu. Yarinya ta ƙi kamawa, abin da aka ɗura mata da cokali kuma ta dawo da shi. Ya ce zazzaɓin haihuwa ne ya taɓa kan matarsa, ya kawo ƙwayoyi, ta watsa masa su a ƙirji. Zuwa kwana na shida maɗigar jaririyar ta faɗa, leɓenta ya bushe, kukanta ya koma kamar na ɗan mage. Gobe suna, ga rago a ɗaure a tsakar gida, amma matan da ke shigowa suna leƙa jaririyar suna fita ba sa haɗa ido da juna.

Gwaggo Kaltume ba ta nemi izinin kowa ba. Ta yafa mayafi ta bi ta cikin gonaki, bayan la'asar ta dawo da Malam Sha'aban.

Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne mai koyar da Alƙur'ani a ƙauyen da ke gabansu. Daga gona ta ɗauko shi, ƙafarsa duk taɓo. Kamaruddeen ya dube shi ya kau da kai, ya amsa sallamar a daƙile. Malam bai kula ba. Ya nemi ruwa ya yi alwala, ya zagaya bayan katanga shi kaɗai, ya daɗe. Da ya dawo sai ya dubi Kamaruddeen wani irin duba, kamar yadda manomi ke duban gonar da aka bar wa ciyawa.

Aka shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofar ɗakin. Zulaihatu na zaune a ƙasa an lulluɓe ta, Gwaggo na gefe rungume da jaririya. Malam ya fara karatu a hankali, ba ɗaga murya, ba gaggawa. Inuwar katanga ta ci tsakar gida. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Yana cikin Suratul Jinni mayafin ya zame, Zulaihatu ta ɗago kai, ta yi wata dariya da ba ta taɓa fita daga bakinta ba.

"Ya isa, Malam. Mu ma muna karanta ta."

Muryar ta mace ce, amma babba, a shaƙe, irin ta wadda ta kwana kuka.

"Baiwar Allah, wace ce ke, me ya kawo ki jikin yarinyar mutane?"

"Maƙwabciyarsu ce. Muna gindin tsamiyar nan tun tana tsiro. Kakannin wancan ko ruwan tuwo za su zubar sai sun yi mana sallama." Ta juya idon Zulaihatu kan Kamaruddeen. "Dare ɗaya muka haihu da matarka, mai bututu. Ɗana yana da kwana biyu a duniya ka sako masa tafasasshen ruwa a gadon baya. Safe da yamma, safe da yamma. Nonona ya ƙafe don firgita. To na zo ɗibar na gidanku."

"Me kike so ki fita?"

"Nonon nan, kwana arba'in."

"Kin san 'yar nan ba za ta kai gobe ba. Ita me ta yi miki? Uwarta me ta yi miki? An zalunce ki, gaskiya ne, amma ba za ki rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba."

Numfashin jaririya kaɗai ake ji, ɗaya bayan ɗaya, da tazara.

"To jinin ragon can."

"Ba a yanka don wanin Allah. Kin ce kina karatu, kin sani."

"To a ba ni mai laifin."

Kamaruddeen, mai tayil da tangaran, wanda ya ga birni, sai ga shi ya koma bayan tsohuwa mai shekara saba'in ya raɓe. Muryar ta sake dariya, wannan karon a gajiye.

"Bar shi, Malam. Me zan yi da wannan? Ko kyauta aka ba ni ban san inda zan ajiye shi ba. Mijina tun ranar da aka ƙona ɗansa bai sauke shi daga ƙirjinsa ba, don ba ya iya kwanciya da baya. Wannan kuwa kwana shida da haihuwa a gidansa, ban ga ya taɓa ko yatsan 'yarsa ba."

Nan aka daidaita. Za a toshe bututun tun kafin a yi sallar magariba. Ruwan jego zai taru a baho ya huce, kuma shi Kamaruddeen, ba Gwaggo ba, ba ɗan aike ba, shi zai ɗauka a kansa safe da yamma har arba'in, ya kai ƙarshen gona, ya yi bismilla ya zubar. Malam kuma ya yi mata alkawarin ruwan addu'a mai sanyi a gindin surin, ko Allah zai dawo mata da nononta.

"Saura ɗaya," in ji ta. "Ya ɗauki 'yarsa in gani."

Kamaruddeen ya ja da baya. "Malam, ai 'yar fari ce... da kunya."

"Kunya!" Gwaggo Kaltume ta juyo, idonta ya yi ja. "Kai ka san kunya? Miƙo hannu, don ubanka da nake bi."

Ya miƙo. Bai ma san yadda ake tallafe kai ba, sai da ta gyara masa gwiwar hannu. Ya tsaya riƙe da ƙunshin zanin, yana jira ya ji nauyi, bai ji ba. Ya buɗe ya duba ko da gaske akwai mutum a ciki. Akwai. Ga hancinsa sak a fuskarta, ga ɗan bakin yana motsi yana neman abin da babu.

"Gwaggo," ya ce, "haka take, ba nauyi?"

"Da ka ɗauke ta ranar da ta faɗo, da ka san abin da ta rasa."

Sai hawaye. Ba mai kyan gani ba ne, kuka ne na ƙato da majina, kuma babu wanda ya ba shi haƙuri. Muryar ta ja dogon tsaki. Malam ya ɗora karatu daga inda ya tsaya, Zulaihatu ta yi atishawa sau uku ta sulale ƙasa. Da ta buɗe ido ta dubi mutanen da ke kanta, ta jawo mayafi ta rufe kai don kunyar Malam, sannan ta dafe ƙirjinta da ya cika ya yi tauri.

"Gwaggo, ina yarinyar? Ba ta sha ba fa."

Da ƙyar jaririyar ta kama. Ta saki, ta sake kamawa, ta saki. A karo na uku aka ji haɗiya, ƙut, ƙut, kuma Gwaggo Kaltume da ba ta zauna ba kwana huɗu ta zauna daɓas a ƙasa. Kashegari aka yanka rago da sunan Allah, aka raɗa wa yarinya Maimunatu.

Kamaruddeen ya cika sharaɗi, don tsoro ya fi Gwaggo iya tarbiyya. Safe da yamma yana fitowa da bahon ruwan jego a ka, ganyen darbejiya na lilo a kunnensa, ya wuce ta gaban majalisar da ya saba yi wa lacca a kan ci gaba. Suka sa masa suna Ungozoma. Kowace magariba in ya dawo ta gindin tsamiya yakan ji ɗan kukan nan, can ƙasa, a raunane. Wajen kwana na ashirin ya daina ji.

Ranar arba'in ya zubar da baho na ƙarshe, ya tsaya a gindin surin ya kasa kunne har duhu ya fara. Babu komai sai karan gero da iska ke kaɗawa. Da safe ya saɓa Maimunatu a kafaɗa, ta yi ɓulɓul ta yi nauyi, ya taka har ƙauyen Malam Sha'aban. Ya same shi yana yankan gero. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe yana kame-kame kafin ya fito da abin da ya kawo shi.

"Malam, yaron nan nata... shirun nan da na ji, warkewa ya yi, ko kuwa?"

Malam bai ɗago daga aikinsa ba.

"Ba ta faɗa mini ba," ya ce. "Ranar da take gabanka tana magana, kai ma ba ka tambaya ba."