Layin Waliyyu Mai Shago

"Wallahi Malam, in ba ka karɓi aikin ga ba, gidanmu za ni!"

Iklima ce ta faɗa, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Mijinta Waliyyu ya ajiye mudun da ke hannunsa, ya dube ta da murmushin nan nasa mai kashe mata jiki.

"Haba sanyin idona... a shago fa muke, mutane na ji."

"Su ji! Yaya Surajo ya sha wuya kafin ya samo maka gurbi a Birnin Kebbi. An yi sabuwar jiha, kowa na neman wuri, kai kana nan kana awon gishiri!"

"In na tahi, wa za shi tsaya ma Inna? Wa za shi tsaya ma mutanen ga?"

"Ni fa? Wa za shi tsaya mini?"

Ya ɗauki mudunsa, ya ci gaba da awo.

Shekara biyu ke nan da aurensu, auren so, kuma ba ta taɓa shakkar ƙaunarsa ba. Sai dai Waliyyu na kowa ne. Shi ya tara gayya aka cike kwarin da ke cinye layinsu na Jega Firchin duk damina. Shi ke sauya igiyar rijiya in ta tsinke. Wasiƙun unguwa a shagonsa suke sauka, shi ke karanta wa tsofaffi.

Washegari ta shiga motar albasa da ta fito daga Aliero, ta sauka gidan iyayenta a Giwa Tazo, da cikinta na wata huɗu. Ta san ba zai kwana uku ba sai ya zo biko.

Bai zo ba. Sai ya aiko abokinsa Buba da turmin atamfa.

"Ya ce in gaya miki amai da gudawa ya shigo unguwa. Kada ki taho yanzu, tunda ba ke kaɗai ba ce. Yana ta raba sukari da gishiri gida-gida, shi ke ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti. Ya ce kina ransa, Iklima."

Zuciyarta ta karye, amma fushi ya rinjaye ta.

"Ka ce mishi in ya ƙare da mutanensa, ya san hanya."

Kwana tara bayan nan tana sussukar gero a tsakar gida ta ji sallamar Buba. Da ta ga ya kasa ɗaga kai, taɓaryar ta suɓuce daga hannunta.

"Buba... ina Malam?"

"Sai haƙuri, Iklima. Ciwon ya kama shi jiya da hantsi. Kafin la'asar..."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wayyo Allah, na kashe kaina! Buba, ka faɗa mishi abin da na ce?"

Buba ya goge ido da hannun riga. "Na faɗa. Dariya ya yi, ya ce kin fi shi gaskiya."

Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

A ɗakin surukarta Inna Barakatu ta yi takaba. Tana jiran tsohuwar ta zarge ta, amma kullum sai dai ta dama mata kunu, ta ce, "Sha, ɗiyata. Abin da ya bar mana yana jikinki." Ta haifi mace, aka sa mata Asma'u.

Bayan shekara, dattawan unguwa suka yi shawara, suka kai wa hakimi, ya amince. Ranar wata Juma'a da la'asar aka kafa allon ƙarfe a bakin layi. Maza sun cika gaban shagon da ke rufe, mata suna leƙe daga zaure. Liman ya yi addu'a, sannan wani dattijo, Malam Ummaru, ya miƙe da sandarsa.

"Mutum goma sha ɗaya yaron ga ya ɗauka a bayansa, ni ne na bakwai. Ga ni da raina, shi ya tahi. Daga yau sunan layin ga Layin Waliyyu Mai Shago."

Inna Barakatu ta rufe fuska da mayafi. Iklima ta ƙanƙame Asma'u, hawaye na ɗiga a kan jaririyar.

Bayan kwana biyu ta kai yarinyar awo asibiti. Da ta fito ta tsayar da mai babur.

"Ina za a kai ki, baiwar Allah?"

Ta buɗe baki, sai maganar ta maƙale. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, kunya ba ta bari. Malam kawai take cewa.

"Baiwar Allah, ina muka nuhwa?"

"Layin... Layin Waliyyu."

Mai babur ya waiwayo. "Allah ya jiƙan shi. Kin san shi?"

Iklima ta gyara goyonta, ta hau. Har suka isa kuka take yi.