Mai Dokin Haya a Pangandaran

Karsim ya gaji da ɗora 'ya'yan mutane a kan dokinsa a bakin tekun Pangandaran, alhali matarsa ta tafi da ɗansa. Bayan magariba, iyalai na ta dariya wajen masu gasa masara, sai wata mata ta miƙo masa wata yarinya.

"Kawu, ɗan zagaya min da ita."

Yarinyar sanyi ƙalau, ga nauyi kamar buhun jiƙaƙƙen yashi. Dokin ya kama rawar jiki.

"Ina gidanku, 'yammata?" ya tambaye ta.

Ta nuna teku. "Kai ma taho mana. Wa zai neme ka a nan?"

Muryar tsohuwa ce ta fito daga bakin yarinyar. Sai ya ji ruwa ya kai masa gwiwa, linzamin kuma ya ƙi barin hannunsa.