Reshen Bakin Rafi

A can da, a wani garin Yahudawa, an yi wani tsohon malami mai almajirai da yawa. Cikinsu akwai ɗaya wanda kome aka karanta masa, kafin gobe ya manta.

Babban almajirin ya ce, "Malam, ka kore shi, yana ja mana baya."

Malam ya ce, "Ba zan kore shi ba."

Sauran almajiran suka ce za su watse. Malam ya ce, "Ku watse. Ba zan kore shi ba."

Sai idinsu ya zo, wanda ake haɗa tsiro huɗu a hannu a yi addu'a. Uku suna da 'ya'ya ko ƙamshi. Na huɗun, reshen wata bishiyar bakin rafi, ba shi da ko ɗaya.

Malam ya zare reshen ya yar, ya miƙa wa babban almajirin sauran. "Yi mana addu'a."

"Malam, ai ba ta karɓuwa sai da na huɗun."

Babban almajirin ya duƙa zai ɗauki reshen, ashe mai mantuwar nan ya riga shi ɗauka.

Malam ya ce, "To, roƙe shi ya ba ka."