Bidiyon 'Yar Mahauci

Da hantsi ne, a tsakar wani gidan haya da ke Mile One a Fatakwal, Maijidda ta jingina wayarta a jikin turmi tana gyara hijabi. Innarta Kande na gefe tana tsintar shinkafa, tana kallonta ta wutsiyar ido.

A makon ne Maijidda ta fara wani kwas na kimiyya da ake yi ta intanet, ajin ma a cikin waya yake. Aikin farko da malamar ta ba su ba mai wuya ba ne: kowane ɗalibi ya ɗauki kansa a bidiyo na minti biyu, ya faɗi abin da ya sa yake son bayoloji, wato ilmin halittu masu rai. Wasu sun ce likita suke son zama, wasu sun ce a talabijin suka ga abin ya burge su. Maijidda kuwa ba ta yi dogon tunani ba, ta ce ita 'yar mahauci ce. Ta ba da labarin ranar da mahaifinta Malam Isah ya tafi da ita kwata tana 'yar shekara bakwai, ko takwas ne, ya ɗauko huhun rago ya hura ta maƙogwaro, huhun ya kumbura a gabanta kamar mai rai. A hannunsa ta fara ganin ɗakunan zuciya huɗu, shi ya koya mata gane hanta mai tsutsa tun ba ta san sunan tsutsar a littafi ba. Daga ƙarshe ta ɗaga zuciyar saniya a faranti ta nuna wa kyamara.

Inna Kande ta ce in an gama fim ɗin a dawo mata da naman miyarta.

To, akwai Saifullahi, wanda zai auri Maijidda. Ɗan gidan 'yan atamfa ne a Ogui ta Enugu, iyayensa sun fi shekara arba'in a can, an kuma tsayar cewa bayan Sallah manyansa za su zo neman aure. Shi ya ba ta labarin kwas ɗin, shi ya kuma ba ƙanwarsa Amatullahi, sai ga su aji ɗaya. Abin da Maijidda ba ta sani ba, ranar da mahaifiyarsa Hajiya Barira ta tambaye shi sana'ar uban yarinyar, cewa ya yi ɗan kasuwa ne, bai ƙara ba. Ya san a zuriyarsu tun kakanni ba sa auro 'yar gidan fawa.

Kwana uku da sa bidiyon sai ga shi a ƙofar gida, ko wanka bai yi ba daga mota. Suka zauna a benci. Ya ce Amatullahi ta gani ta faɗa a gida, Hajiya ta ce a bar maganar auren. Amma Hajiya ji ta yi, ba ta gani ba.

"Abeg, Jidda, don Allah ki goge shi kawai. Zan ce wata Maijiddar ce. In an ɗaura, ko sun ji ai an riga an ɗaura."

Ta dube shi da kyau kafin ta yi magana.

"Yaya Saifu, ranar ɗaurin auren fa? Baban nawa ma goge shi za a yi?"

Ya ce ba haka yake nufi ba, bidiyo ne fa na minti biyu, za ta fifita shi a kansa? Ta ce ita ba bidiyo ta fifita ba. Tambayarta aka yi me ya sa take son karatun, ta faɗi gaskiya, kuma ba ta da wata amsar da za ta sa a madadinta. Ya tashi ya tsayar da okada ko sallama babu.

Sai da ya tafi kukan ya zo mata. Malam Isah ya dawo daga kwata ya tarar da ita ido jajur, Inna Kande ta kwashe komai ta gaya masa. Ya jima yana wanke hannu a bakin famfo. Da ya gama ya ce wa Maijidda ta goge, shi ba abin da zai rage shi da shi, ya saba jin maganar mutane tun yana yaro.

"Baba, ni ce zai rage," in ji ta. "Ka bar ni, in rabona ne zai zo."

Haka ta ci gaba da karatunta. Saifullahi bai kira ba, ita ma ba ta kira ba, ko da yake kullum sai ta duba wayar. A aji kuwa 'yan Legas da Abuja har turo mata tambaya suke a kan tumbi da ƙoda, ita kuma in ta kakare sai ta je ta tambayo Baba.

Bayan mako biyar, ko shida, wata Asabar da azahar Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida. Hajiya Barira ce da Amatullahi, Saifullahi na bin su a baya kai a ƙasa. Aka shimfiɗa tabarma, manya suka gaisa, an wuni lafiya, ina gajiya, yaya hanya, yaya mutanen Enugu. Sannan Hajiya ta ce a kira mata yarinyar.

Da Maijidda ta zo, Hajiya ta ce da farko ta rantse ba za a yi ba. Sai wata rana cikin fushi ɗanta ya suɓuta ya faɗi cewa ya je har Fatakwal ya roƙi a goge bidiyon, yarinyar ta ƙi ko da auren zai mutu. Maganar ta tsaya mata a rai, ta sa Amatullahi ta kunna mata, ta kalla sau uku.

"Yanzu, 'yata, in ni na ce ki goge a ɗaura, za ki goge?"

Maijidda ta durƙusa. "Ki yi haƙuri, Mama. Ba zan iya ba."

Hajiya ta juya ga ɗanta. "Ka ji ko? Kai ka ji kunyar mutumin da ba ma ubanka ba ne, har ka yi mini ƙarya. Ita kuwa ta ɗaga nata a gaban duniya. Ranar da kasuwa ta juya maka baya, irin wannan ce za ta tsaya a gefenka." Ta ce danginsu na Kano za su yi surutu, wannan a bar mata. Sharaɗinta ɗaya ne, Saifullahi ya je ya nemi gafarar Malam Isah, kuma ba a gida ba, a wurin sana'arsa.

Washegari da safe ya je kwata cikin farar shaddarsa, ya tsuguna a gaban mahauta duka. Malam Isah ya ɗaga shi, ya ce ya yafe. Bayan Sallah aka ɗaura auren, Maijidda ta ƙarasa kwas ɗinta daga Ogui.

Yara, ku riƙe wannan: wanda yake sonku da gaske ba zai ce ku ɓoye iyayenku ba, in kuwa ya kuskure, haƙuri da tsayawa a kan gaskiya su ke dawo da shi hanya.