Oga Ya Ce Yana Sonki

"Wane ne Oga?"

Zinariya ta tsaya cak a zauren gidansu na Ƙofar Ran. Sabitu ne, wanda aka sa musu rana, riƙe da wayarta da ta bar masa caji a shagonsa. Fuskar nan ba annuri.

"Wane Oga kuma, masoyi?"

"Bar kirana da wannan sunan. Wani Chukwuma ya kira daga kantin magani a Wunti. Wai in gaya miki Oga ya ganki jiya, yana sonki. Ki je gobe, yana jiranki a ciki."



Ta daɗe tana tura takardun neman aiki ta intanet, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa ta fara zuwa da ƙafarta, kanti kanti, ofis ofis. Ta tuna Chukwuma, mai kula da kantin. Amma Oga? Ba ta ga kowane Oga ba.

"Wallahi ban san shi ba..."

"Maimuna ta gaya wa Hajiya, mahaifiyata, wai kullum sai kin ci kwalliya kina bin ofisoshin maza. Na ƙaryata ta. Yau Hajiya ta ce a karɓo kayan sa rana."

Maimuna, 'yar kawunsa, wadda ta daɗe da kafa masa ido!

Hawaye ya cika idon Zinariya, amma ta hana shi zuba.

"Gobe tare za mu je," ta ce.

Washegari suka hau keke zuwa kantin. Chukwuma ya tare su da fara'a, ya nuna wata ƙofa.

"Shiga, shiga! Oga yana ciki."

Sabitu ya riga ta turawa, muƙamuƙinsa a ɗaure.

Wata dattijuwa ce zaune, da tabarau da ƙaton ɗankwali, tana ɓare gyaɗa.

"Mama, ina Oga?" in ji shi.

"Ni ne Oga. Madam Cecilia." Ta nuna Zinariya. "Wannan yarinya ya zo shekaranjiya. Ina zaune gefe, ya durƙusa ya gaishe ni, bai san ni ba. Mai neman aiki ta waya ba ya gaisuwa! Ina son shi. Litinin ya fara aiki."

Sai a lokacin Sabitu ya gane. A Hausar su Madam, kowa "ya" ne, mace da namiji.

Gumi ya karyo masa.

"Zinariya... zinariyata, ki yafe min. Yau zan je wa Hajiya da kaina."

Ba ta dube shi ba. Ciwon bai gama sakinta ba, amma yadda muryarsa ke rawa ya taɓa ta.

Madam ta sauke tabarau, ta ƙare masa kallo.

"Wannan mijinka ne?"



"Yana dai neman aikin, Madam," in ji Zinariya.

"To ya riƙa zuwa da ƙafarsa!"

"Kullum, Mama," Sabitu ya ce da sauri. "Har a ɗauke ni."

Zinariya ta ja mayafi ta rufe bakinta, amma dariyar ta riga ta kuɓuce.