Koriyar Wayar da Ke Bayan Murfi

Da aka fara jifa a gidan Mai Waya, mai gyaran wutar lantarki a layinmu, duk layin cewa aka yi ni ne. Ban ga laifinsu ba, don a fagen tsokana ba a haifi na biyuna ba. Amma wannan karon ba hannuna.

Magariba ce ta kawo kai. Umma, matarsa, na kwashe shanya, Yaya, babbar 'yarsu, na guga a ɗakin baya, sai tsakuwa ta faɗo kan kwano. Wata ta biyo. Ƙwan lantarki ya dushe, ya dawo. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ya saba yi tun rasuwar ɗansu Auta.

A ɗakin bayan nan Auta ya rasu. Akwai wani soket da aka ɗaure a jikin murfin ƙarfe, murfin kuma sukuru ɗaya ke riƙe da shi, shi ma ya saki. Mai Waya ya fi kowa sanin ƙa'ida: ba a dogara da sukurun murfi, sai an ja koriyar waya daga soket zuwa akwatin ƙarfen da ke bayan murfin, daga nan zuwa rodin da aka kafa a ƙasa, don in wuta ta ɓalle ta bi ƙasa, kada ta bi mutum. Ya yi wa gidajen mutane, nasa kullum sai gobe. Yaron ya dafa murfin da jiƙaƙƙen hannu.

Bayan zaman makoki Mai Waya ya ja wayar, ya kafa rodi a gindin katanga, yana bugawa yana kuka.

To, a magaribar jifan nan sai aka tarar da Yaya durƙushe gaban soket, tana kankarar murfin da farce har jini. Ta daina ci. Kullum rana ta faɗi sai ta koma can, tana wani kuka da ba muryarta ba.

Aka kira Malam. Ya zauna bakin ƙofa ya yi ta karatu, har jikinta ya sandare.

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya," in ji muryar, a dishe. "Tun kafin a yi ginin nan muke gindin katanga."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ita ba. Ubanta. Ya soka ƙarfe a tsakar ɗakina. Ranar da dutsen gugarsu ya lalace, wuta ta gangaro. Ɗana na kwance a wurin, bai tashi ba."

Umma ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ya tsinke koriyar wayar," in ji muryar, "in sakar masa 'yarsa. In ya ƙi, in tafi da ita."

Mai Waya ya dubi murfin, ya dubi 'yar. "Baiwar Allah, in na tsinke, murfin nan zai sake ci min wani. Ɗaya ya riga ya ci."

Sai muryar ta tambaya:

"Yaron ne da ke leƙo da kai ta ramin kwata yana waƙa? Na daina jin sa. Na zaci makaranta kuka kai shi."

Umma ce ta amsa, da kuka.

Malam ya sassauta murya. "Waya ba za ta tsinke ba. Rodi ne zai tashi. Nuna inda babu kowa."

Hannun Yaya ya ɗaga a hankali, ya nuna bayan tankin ruwa. "Can. Amma ramin da zai bari, kada a cike shi da siminti. Nawa na ciki."

Yaya ta yi atishawa, ta faɗi, ta farka tana neman ruwa.

Washegari Mai Waya ya zare rodin ya mayar bayan tanki, ya rufe tsohon ramin da ƙasa mai laushi, da hannunsa. Jifa bai sake faɗowa ba.

Har yau in Umma na shara, tana zuwa gindin katangar nan sai ta ɗaga tsintsiya, ta yi sallama, ta kewaye.