Kafaɗar Mai Sarewa

Ha Dong-ryul ya tsufa yana jagorantar makaɗa a birnin Daegu na Koriya, kuma in yana raka mai sarewa ba ya duban takardar kiɗa. Kafaɗa yake kallo. Da ta ɗaga don jan numfashi sai ya sauke sandar da yake jagoranci da ita, makaɗa su shigo.

A daren nan ana ta tsuga ruwa, zaure ya cika maƙil. Seol-hwa mai sarewa ta iso a makare, ta tsaya gefensa, rigarta a bushe ƙarau.

"Malam, yau kada ka jira ni," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ke za ki koya mini aikina, yarinya? Busa kawai."

Ta fara busa. Sautin ya miƙe siriri, da wani sanyi mai shiga haƙori. Ya ɗaga sanda yana jira. Masu goge suka zuba masa ido, amma kafaɗar nan ko motsi.

"Malam, sauke mana," babban mai goge ya raɗa masa. "Mutane sun fara tashi."

Sai ya ɗaga ido daga kafaɗar zuwa fuskarta. Sarewar tana ta kuka, amma bakin Seol-hwa a rufe yake gam, kuma shi take kallo.